Guntun Sifirin da Tattasan Kaka

Ranar wata Talata ce a ƙarshen Satumba na yanke sifirin mota, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗage jikinta sama da taya. An kwana ana yayyafi, da gari ya waye rana ta fito amma ba ta da ƙarfi, unguwarmu a Leskovac duk ta ɗauki ƙamshin tattasan da mata suka fara gasawa a tsakar gida. Ni da abokina Gavra muna garejin bayan gidanmu, mun ɗaga motar kakana da dogon jak ɗinsa mai kwanciya, mun tokare ta da bulo.

Ƙirar Jiguli ce ta shekarun saba'in, launinta kamar shayi da madara. Tun da kakana Vitomir ya rasu take ƙarƙashin tamfol, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Ni na tashe ta. Tun da na bar makaranta ban taɓa daɗewa a kan abu ɗaya ba. Na yi wankin mota, na yi dako a kasuwa, na yi gidan burodi har aka sallame ni. Amma wannan motar na cinye rani guda a ƙarƙashinta ban ƙosa ba. Abu ɗaya ne ya rage yana ci mini rai, shi ne tsayinta. Tana tsaye ƙerere kamar zalɓe a bakin ruwa.

Mu masu sauke mota da muke haɗuwa ranar Lahadi a filin tsohuwar masaƙa kashi biyu ne. Akwai masu sifirin iska, waɗanda za su danna maɓalli mota ta kwanta, su sake dannawa ta miƙe su wuce gida lafiya lau. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Namu ƙarfe ne zalla. Yadda ka sauke ta haka za ka tuƙa ta, ko coci za ka ko kasuwa. Ana tsayar da kwalin sigari a ƙasa, in bambarka ta ture shi ka shiga sahu.

"Zagaye ɗaya da rabi za mu yanke," in ji Gavra, yana riƙe da sifirin baya kamar jariri. "Mu sa, mu sauke, mu gani. Wanda ka yanke fa ba ya komawa."

"Biyu da rabi."

"Strahinja, kai mahaukaci ne."

"Na ji. Miƙo injin yankan."

Tartsatsi ya cika garejin, kaji suka watse. Da muka mayar da su, Gavra ya sa hannu ya girgiza na baya, ya ga yana rawa a mazauninsa.

"Ya yi gajere. Duk ranar da taya ta rataya a iska, wannan ficewa zai yi. Ɗaure shi da waya."

"Gobe," na ce, don ni a lokacin ba abin da nake so sai in ga ta sauka.

Ta sauka kuwa. Tayoyin suka shige cikin madigadi, ta kwanta luf kamar kyanwa a bakin murhu. Na tsayar da kwalin Gavra a gabanta, na tura ta da kafaɗa kaɗan, kwali ya faɗi. Muka yi ihu, muka rungume juna da baƙin mai a hannu.

Ihun ne ya jawo Baffa Radisav, ƙanin mahaifina. Babana yana aikin gini a Vienna, don haka Baffa ke ganin shi ne namijin gidan. Ya daɗe da ƙudurinsa a kan motar nan: ya datse ta daga bayan ƙofa, ya yi amalanken da zai riƙa ɗaura wa tarakta yana ɗauko itace. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa a baya.

"Gini ne ya faɗo mata?"

"Haka ake yi yanzu, Baffa."

"Haka ake yi. Motar ubana ka mayar kunkuru." Ya juya wajen gida ya ɗaga murya. "Inna! Fito ki ga aikin jikanki!"

Kaka Stamena ta fito da muciya a hannu. 'Yar ƙaramar mace ce, amma motar tata ce, gidan ma nata ne, kuma ba a maimaita mata magana. Ta dubi motar, ta dube ni, ta sa ƙafa ta taɓa bamba.

"Tana tafiya?"

"Kamar ruwa, Kaka."

"A kan tebur watakila," in ji Baffa. "Ko bawon kankana ta taka sai ta maƙale. Ki ba ni ita in yi abin amfani da ita kafin ya ƙarasa ta."

Kaka ta juya muciya a hannunta. Sannan ta ce, "Kakanka kowace kaka da motar nan yake ɗauko mini tattasan miyar ajvar daga ƙauye. Ran Asabar za mu je. In ta kawo ni da buhunana har ƙofar gidan nan da injinta, taka ce, kada wanda ya sake yi mini maganarta. In kuwa sai da aka ɗaura mata igiya, Radisav ya zo da zartonsa."

"Da tarakta zan biyo ku," in ji Baffa, yana murmushi. "Kada uwata ta kwana a daji."

Na yi niyyar ɗaure sifirin. Sai dai goben nan na tafi neman katakon shimfiɗa wa taya a tudu, na ɓalle biyu daga ƙofar lambu, na datse su daidai but. Jibi kuma na wanke ta, na goge ƙarafunan bamba har ina ganin haƙorana. Waya ta fita daga kaina.

Ran Asabar zuwa bai ba ni wahala ba. Mota ba kaya, Kaka a baya da jakarta a cinya, ni ina kauce wa ramuka kamar mai rawa. A tsohon layin dogo da ke tsakanin ƙauye da babban titi, wanda jirgi ya daina bi tun ina ƙarami, na tsallaka a karkace, cikinta ya ɗan shafi ƙarfe, shi ke nan. Na kalli madubi na ɗaga wa Baffa hannu. Ya rataye igiyarsa a hancin tarakta inda zan riƙa ganinta.

A gonar 'yan uwanmu ne na gane abin da ban lissafa ba. Na auna motar nan ba kowa a cikinta, ko tayar safaya babu. Kaka kuwa tattasai take saya na hunturu guda, na gidanmu da na babana da za a aika masa. Buhunan raga jajaye suka cika but, suka cika gefenta a kujerar baya, ɗaya ya zauna a kujerar gaba kamar fasinja. Kowane buhu aka sa sai in ji motar ta yi nishi. Da aka gama, ko yatsana ba ya shiga tsakanin taya da madigadi.

"A rage biyu a sa a tarakta?" in ji Baffa da muryar tausayi.

"Ba a rage komai," na ce.

Hanyar ƙauye rami biyu ce da tudun ciyawa a tsakiya. Mota irin tawa in ta bi ramukan, cikinta zai hau tudun. Don haka na ɗora tayoyin hagu a kan tudun, na dama a kan gefen gona, na tafi a giya ɗaya. Masara na sharar gilashi, tayoyin baya na gugar ƙarfe suna wari. Wani tsoho a kan keke ya wuce mu, ya waiwayo ya gaishe da Kaka, ya tambaye ta ko gawa muke rakawa.

"Tuƙa abinka," Kaka ta ce da ni. "Shi ma keken ba nasa ba ne."

Da muka iso layin dogo na tsaya. Tudu ne mai ɗan tsayi, ƙarfe biyu a samansa, hanyar kuma mota ɗaya take ci, hagu da dama kwalbati. Na ciro katakaina daga ƙarƙashin buhuna, na shimfiɗa su. Na leƙa ta taga.

"Kaka, ko za ki ɗan sauka in tsallaka?"

"Cewa na yi ta kawo ni. Ban ce in kawo kaina ba."

Na shiga, na karkata sitiyari yadda taya ɗaya za ta hau kafin ɗaya. Ta gaba ta dama ta hau, ta hagu ta bi. Gaba ya gangara ya fara sauka ɗaya ɓangaren, motar ta murɗe, tayar baya ta hagu ta rataya a iska. Sai na ji ƙara kamar an ɗana baka an sake. Ta madubi na ga sifirina yana tsalle a kan tsakuwa, ya gangara kwalbati. Motar ta faɗi a kan wannan gefen, salansa ta daki ƙarfen dogo. Na taka totur, taya ta yi ta juyawa a banza.

Mun tsaya a gicciye, mun toshe hanya gaba ɗaya.

Na fita da gudu na tsamo sifirin daga cikin laka. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ake bukata kawai a ɗaga jikin motar a mayar da shi. Na tono jak ɗin motar na asali, na durƙusa zan sa hannunsa a raminsa. Ramin ya kusa taɓa ƙasa. Jak ɗin an yi shi ne don mota mai tsayin zalɓe. Na gwada ta gefe, na gwada ta baya, na tona tsakuwa da farce. Bai shiga ba.

Tarakta ta mutu a bayana. Na ji takun Baffa, na ji igiya na jan ƙasa.

"To, injiniya. Matsa in ɗaura."

"Kada ka taɓa ta."

"Ja ɗaya ne, ɗana. Ba kunya ba ce. Zan ma bar maka bambar ka rataye a ɗaki."

Kaka ta sauke gilashi. "Strahinja, wuta na jirana a gida. Tattasai ba ya son kwana a buhu. Ka yi abin da za ka yi."

Ba ni da abin yi. Gavra yana wurin aiki, kuma kafin ya zo da jak ɗinsa Kaka ta gaji. Ina durƙushe da sifirin a hannu na fara jin ganga da ƙaho daga wajen babban titi. Jerin motocin biki ne, tuta a gaba, fararen tawul a ɗaure jikin madubai, masu busa a tsaye a bayan a-kori-kura. Za su cocin ƙauye. Suka taho suna hon har motar gaba ta tsaya hanci da hanci da tawa.

Kum ya fito, wato uban bikin, wani ƙaton mutum mai jan wuya da fure a ƙirji. Bogosav sunansa, mai sayar da tayil, na san shi a kasuwa. Ya dubi agogo, ya dubi motata.

"Wane ne mai wannan tabarmar?"

"Ni ne."

"Naɗe ta. Limamin coci na jira."

Wani daga baya ya ce a juya a bi ta gada. Nan take mata suka yi masa ca. Jerin biki ba ya ja da baya, kowa ya san wannan, amaryar da motarta ta koma da baya ita ma gida za ta koma. Uwar ango har ta yi alamar gicciye.

"Ga igiya, ga tarakta," in ji Baffa, yana ɗaga ta sama kowa ya gani. "Yanzu in share muku hanya."

"Yawwa, Allah ya yi maka albarka," in ji Kum. "Ɗaura!"

Mutane suka fara tafi. Baffa ya sunkuya wajen bambar baya. A nan ne abin ya faɗo mini. Muna yara mun sha gicciya sanda a hanyar biki, ba ma ɗagawa sai Kum ya biya. Ba a taɓa jin Kum ɗin da ya ture mai tare hanya ba, sai dai in yana so a yi ta ba da labarin rowarsa har jikoki. Na haye kan ƙarfen dogo, na ware hannuwa, sifirin na ɗigar laka a hannuna.

"Na tare hanya!" na ƙwala. "Kum, na tare hanya! Biya ka wuce!"

Dariya ta ɓarke. Mai ganga ya buga sau ɗaya.

"Ka ga ɗan iska," in ji Kum, amma yana dariya. "Ƙato da kai? To, mun ji." Ya sa hannu a aljihu, wani ya miƙo kwalbar barasar rakija daga taga.

"Ba na son na aljihu, ba na son kwalba. Hannu nake so. Maza takwas su ɗaga mini bayan motar nan in mayar da wannan."

"Da kayan biki? Ka san nawa aka ɗinka kwat ɗin nan?"

"Mai tare hanya ke faɗin abin da za a biya."

"Ba a yi haka da mu ba!" Baffa ya miƙe, igiya a hannu. "Inna, kin ce da injinta!"

Duk aka juya ga tsohuwar da ke zaune a tsakiyar buhuna. Kaka ta gyara ɗankwalinta.

"Da injinta za ta sauka, ai. Ubanka ma duk hunturu sai rabin ƙauye sun tura shi, ban ji ka kira shi kunkuru ba. Igiya na hana."

Kum yana ta shafa wuya, sai amarya ta zuro kai ta tagar mota ta biyu, mayafinta na kaɗawa.

"Kum! In ba za ku ɗaga ba, in fito in ɗaga da kaina! Ni fa yau za a ɗaura mini aure!"

Ango ne ya fara tuɓe kwat, wani siririn saurayi da kunnuwansa suka yi ja. Sai abokansa, sai Kum da kansa, yana gunaguni yana naɗe hannun riga. Suka jeru a bamba da madigadi. Na ce ina bukatar waya, wata gwaggo ta zaro hangar ƙarfe da aka rataye rigar ango, ta jefo mini. Na warware ta da haƙori da filaya, na kwanta a kan tsakuwa.

"Kaka, riƙe da kyau!"

"Kai dai riƙe yatsunka."

Kum ya ba da murya, suka ɗaga. Masu busa suka ga abin ya yi daɗi, suka saki kiɗa. Motar ta tashi da buhunanta da tsohuwarta, na ga takalma masu sheƙi suna nutsewa a tsakuwa kusa da fuskata. Na cusa hannu biyu cikin ramin da in suka saki ba ni da hannu. Sifirin ya ƙi zama.

"Ƙara sama!"

"Uwarka ce za ta ƙara!" wani ya ce cikin nishi. "Duwatsu kuka loda?"

"Tattasai ne, ɗan nan, kuma ka iya bakinka," in ji Kaka daga sama.

Suka ƙara. Sifirin ya faɗa mazauninsa da ƙara mai daɗi. Na zagaya waya, na murɗa, na sake murɗawa, na jawo katako da ƙafa na tura ƙarƙashin taya, na mirgino waje.

"Saki!"

Ta sauka a kan ƙafafunta huɗu. Wandon Kum ya yage a baya, wani buhu ya fashe daga but, tattasai ya watsu a kan layi. Salansa ta riga ta karye, tana maƙale da ƙarfen dogo, na sa ƙafa na ƙarasa ta, na jefar gefe. Na shiga na murɗa makulli.

Jiguli ba salansa, ba ku taɓa jin irin wannan ba. Ta yi ruri har ta danne ƙaho da ganga. Na saki kuloci a hankali, a hankali, tayar ta kama katako, katako ya yi ƙara ya tsage, amma ta riga ta hau. Ta ƙetare ƙarfe na biyu, ta gangara, na raɓa ta gefen motar Kum da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, na tsaya a inda hanya ta buɗe.

Ban san lokacin da na fito na hau rawa ba. Ango ya rungume ni, rigarsa fara ta ɗauki hoton hannuna. Masu ƙaho suka kewaye motar suna busa wa Kaka a taga, ita kuwa tana zaune ƙyam kamar matar gwamna, sai dai na ga ƙafarta na bin ganga. Ta sa aka kwashe tattasan da ya zube aka ba su. Baffa ya janye tarakta cikin gona don jerin ya wuce, kowace mota ta zo daidai ni sai ta yi hon.

Sauran hanyar kwalta ce. Na shigo gari da rurin nan, karnuka na bin mu, mutane na fitowa daga shaguna. A ƙofar gida akwai ɗan dakali, na hau shi a karkace da katakon da ya rage, na kashe inji a tsakar gida daidai bakin murhu.

Kaka ta fito da kanta, ta miƙe bayanta. Tarakta ta tsaya a waje. Baffa bai sauko ba.

"Radisav," ta ce, "ka nemi wata ka datse." Ta juyo gare ni. "Kai kuma kunnena ya toshe. Sauke buhunan nan, ka wanke hannu. Kai za ka juya tukunya, tunda ƙarfi ya yi maka yawa."

Na juya tukunyar ajvar har kafaɗata ta mutu, ina kallon motata ta cikin hayaƙi, ban daina murmushi ba.

Abin da aka rasa a ranar: salansa ɗaya, katako ɗaya na ƙofar lambu, rabin buhun tattasai, farcen babban yatsana na dama, hanga ɗaya, wandon Kum Bogosav, da gaisuwar Baffa Radisav har zuwa Kirsimeti.